Me ya sa biftek ɗina yake fitowa kamar fatar ganga?

Tambaya: Wata Hajiya daga Garwa ta ce maigidanta ya ci biftek, wato naman shanu da ake gasawa a kasko, a wani gidan abinci a Yawunde, yanka guda mai kauri da miyar masoro da soyayyen dankali, ya dawo gida ya hana ta sakat sai ta yi masa irinsa. Sau uku tana gwadawa da tsoka zalla, naman da aka yanka a ranar, amma kullum sai ya tsatso ruwa a kasko, ya yi toka-toka, ya yi tauri. Tana so ta san kayan haɗin da suke sawa wanda ita ba ta sani ba.

Amsa:

Hajiya, sannu da ƙoƙari. Babu wani kayan haɗi da aka ɓoye miki. Gishiri ne da masoro, sai ɗan man shanu da tafarnuwa a ƙarshe. Ni ɗan gidan fawa ne, kuma na yi shekaru ina aikin kuku a otal, a nan Garwa da kuma Njamena, don haka na ga naman nan tun yana rataye har ya hau faranti. Abin da ya ɓata miki girki yana cikin tambayarki, inda kika ce naman da aka yanka a ranar.

Mu nan mun tashi da sanin cewa nama mai kyau shi ne wanda aka yanka da asuba aka kawo kasuwa da ɗuminsa. Ga miya da farfesu da dambu haka ne, domin tukunya za ta yi awa biyu ko uku tana aikinta. Biftek kuwa bai fi minti bakwai ko takwas a wuta ba, wuta ba ta da lokacin karya taurinsa, dole ya zo kasko da laushinsa. Bayan an yanka saniya tsoka takan fara sandarewa cikin 'yan awanni, kafin kwana ya zagayo ta gama ƙagewa. Naman da aka yanka da asuba, kika sayo da hantsi, kika ɗora da magariba, kin kama shi ne daidai lokacin da yake kan ganiyar taurinsa. Sai bayan wannan ne wasu sinadarai da ke cikin tsokar kanta suke fara warware zarenta a hankali, muddin tana wuri mai sanyi. Shi ya sa manyan gidajen abinci suke rataye nama a ɗakin sanyi mai digiri 0 zuwa 4 a ma'aunin Selshiyos, mako ɗaya, mako biyu, wasu har uku, kafin wuƙa ta taɓa shi. Rabin kuɗin da maigida ya biya a Yawunde na wannan jiran ne.

Ga kuma irin shanunmu. Gudali na Adamawa, farare da jajayen shanun Bararo, shanun Larabawan Shuwa, duk masu tozo ne, kuma naman shanu masu tozo ya fi jinkirin yin laushi a kan na shanun Turai marasa tozo. Daɗin daɗawa, saniyarmu ta yi tafiyar ƙasa neman ciyawa da ruwa, kuma sau da yawa ba a kawo ta kasuwa sai ta manyanta. Naman da kike gani a bidiyon YouTube, wanda kitse ya ratsa tsokarsa kamar zanen lalle, na ɗan bijimi ne da aka tsare aka ɗura wa hatsi. In kika bi lissafinsu da namanmu za ki sha kunya. A ɗanɗano dai, ni ban yarda nasu ya fi namu ba. Saniyar da ta ci ciyawar tudun Ngaundare tana da ƙamshin da nasu ba shi da shi, haƙuri kawai take buƙata.

Kin ce tsoka zalla kike saye. Tsoka suna ta tara. In kika ce wa mahauci tsoka, cinya zai yanko miki ko karfata, wuraren da suka fi kowane wuri wahala a jikin dabba. Biftek daga gadon baya yake fitowa, inda tsoka ba ta ɗaukar nauyi. Na farko shi ne wanda mahautanmu suke kira file, doguwar tsokar nan da ke kwance ta ciki, ƙarƙashin ƙashin baya, kusa da ƙoda. Guda biyu ne kacal a jikin saniya, kuma a shanunmu da wuya ɗaya ya kai kilo 2. Shi ya fi laushi, da shi nake so ki fara. Na biyu shi ne tsokar da ke saman ƙashin bayan ta waje, daga ƙarshen haƙarƙari zuwa ƙugu, mai shimfiɗar kitse a gefe ɗaya, wadda ake ce wa fo-file. Na uku shi ne ci gabanta ta wajen haƙarƙari, antirkot a bakin masu otal, ya fi su kitse, ya fi su daɗi a wurina. Waɗannan biyun na ƙarshe sun fi file buƙatar kwana a sanyi.

File ba ya jiran mai zuwa kasuwa da rana, masu otal sun riga sun kama shi tun jiya. Ki yi sabo da mahauci ɗaya, ki aika masa tun ana gobe. Kuma ki ja masa kunne, domin hannunsa ya saba: da ya ɗora nama a kan gungume sai adda, kafin ki ce wani abu ya sassara shi gutsi-gutsi. Ki ce masa, "Sarkin fawa, file nake so ɗungurungum, kada ka yanka min, kada ka haɗa min da ƙashi." Ki tabbata kuma naman ya bi ta mahauta inda likitan dabbobi ya duba shi, zan faɗi dalili nan gaba. Daga ƙarshen damina zuwa Disamba shanu suna da jiki, kusan kowane file zai yi. Da bazara kuwa, Maris zuwa Mayu, da shanun kiwo suka rame, ki tambayi na turke, wanda aka ciyar da dusa da tunkuzar angurya.

Da kin kawo shi gida, kada ki jefa shi firiza. Naman da bai gama sandarewa ba, in sanyi mai tsanani ya buge shi, zarensa yakan tsuke, kuma wannan taurin ba ya fita ko an kwana ana dafawa. Ki sa wuƙa mai kaifi ki fere bayansa siriri, inda ƙuda da ƙura da ɓarɓashin gungume suka taɓa, ki tara abin da kika fere don miya. Ki cire farar yanar nan mai sheƙi da ke manne a jikin file: ki cusa bakin wuƙa ƙarƙashinta, ki ɗaga, ki ja wuƙar tana kallon sama. Ita ce take ƙanƙancewa a wuta ta lanƙwasa nama. Na san hannun mace ba ya yarda da naman da ba a wanke ba. In kin wanke, to ki tsane shi da tsabtataccen ƙyalle har sai ya daina jiƙa shi. Daga nan ki ɗora shi a kan 'yar raga, ragar a kan faranti, don iska ta zagaye shi kada ya kwanta cikin ruwansa. Yinin farko ki sa shi a ɓangaren firij da ba shi da sanyi sosai, da dare ki mayar da shi can ciki inda ya fi sanyi, nesa da dafaffen abinci da kayan da ake ci ɗanye. File kwana 2 zuwa 3 ya ishe shi. Fo-file da antirkot suna son kwana 5, amma wannan sai firij ɗinki yana riƙe digiri 4 ko ƙasa da haka, ba wanda yara suke buɗewa kowane minti suna neman ruwan sanyi ba. Kin kuma san halin wutarmu. In aka ɗauke ta ta doshi awa huɗu, ki fasa jiran, ki dafa naman a ranar. Bayansa zai yi duhu ya ɗan bushe, wannan daidai ne. In kuwa ya yi yauƙi ko wari, ya tashi daga aiki.

Wani lokaci baƙi za su zo yau kuma babu naman da ya kwana. To file kawai, ki yanka shi bai wuce kaurin ɗan yatsa ba, ki ɗan bubbuga shi, ki shafa masa gurzajjiyar ɗanyar citta ko ɗanyar gwanda na rabin awa, ki goge tas kafin ya hau wuta. In gwanda ta daɗe a kai, bayan naman zai koma kamar hanta. Kanwa kuma ki bar wa wake, tana kashe ɗanɗanon nama.

Ranar girki ki yanka shi a kwance, wato ki tsinka zaren tsokar, kada ki bi tsawonsa. Kauri yatsu biyu, santimita 2.5 zuwa 3, kowane yanka wajen giram 200. Siririn yanka kafin bayansa ya yi ja cikinsa ya bushe. Gishiri kuwa lokaci biyu gare shi. Ko dai ki barbaɗa tun awa guda kafin girki, ko ma tun daren jiya, ki mayar firij, ko kuma daidai lokacin da za ki ɗora. Tsakanin nan ne matsala: minti goma bayan sa gishiri ruwa ya fito ya kwanta a bayan nama, bai kuma samu lokacin komawa ciki ba. Ƙaramin cokali ɗaya da rabi ya ishi kilo guda. Kada ki jiƙa shi cikin markaɗen albasa da tumatir da dunƙule kamar za ki yi miya, wannan jiƙon yana cikin abin da ya sa naki ya yi toka-toka. Littattafan Turawa sukan ce a fito da nama daga firij awa guda kafin girki. Wanda ya rubuta haka bai san Afrilun Garwa ba, inda zafi ke haura digiri 40. Minti goma sha biyar ya isa, a rufe.

Yanzu maganar wuta, wadda ita ce rabi na biyu. Jan ɓawon nan mai ƙamshi da ke bayan biftek da tsire da balangu, haɗuwar furotin ne da ɗan sukarin da ke cikin nama, abin da wani masani Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, ya bayyana a 1912. Ba ya kankama sosai sai zafi ya kai wajen digiri 140. Ruwa kuwa a 100 yake tsayawa, ba ya wucewa sai ya ƙone. Ke nan muddin da danshi a kasko, dafa naman kike yi, ba gasawa ba. Siririn kaskon dalma na kasuwa ba ya riƙe zafi, da nama mai sanyi ya sauka a kai ya huce, nama ya fara zubar da ruwa. Ki nemi kasko mai nauyi na baƙin ƙarfe. In babu, ki sa mai walda ya yanko miki farantin baƙin ƙarfe mai kaurin milimita 5 ko 6, ya ɗan naɗe bakinsa, ya sa masa mariƙi. Sabon ƙarfe za ki ce, ban da kwanon rufi mai farin shafe, ban da gangar da aka taɓa zuba fenti ko magani a ciki. Ki goge shi, ki shafa mai ki ƙona sau biyu ko uku, zai yi baƙi ya daina kama nama. Kuma a gidajenmu gawayi ya fi ƙaramin kan gas ƙarfi. Ki bari ya ruru ya yi fari-fari, ki tara garwashin gefe ɗaya, ki bar ɗaya gefen da kaɗan. A tsakar gida za ki yi, hayaƙi zai tashi.

Makona na farko a kicin ɗin otal a Njamena, oda ta zo ta mutum shida. Don in nuna ni ɗan fawa ne mai sauri, na jera yanka shida a kasko ɗaya, sun matsu kamar fasinjojin motar kasuwa. Ƙarar da ta fara da ƙarfi ta mutu nan take, ta koma ɓararraka, ruwa mai kumfa ya taso ya kewaye su. Babban kukunmu ya leƙo, bai ce uffan ba, ya kwashe su ya juye a tukunyar abincin ma'aikata, ya miƙo min wasu guda biyu. Tun ranar kunnena nake sa wa kasko. Yanka biyu a lokaci ɗaya, da tazarar yatsu uku a tsakaninsu.

Ki ɗora kaskon babu komai a ciki ya yi minti biyar. Ki yarfa ɗigon ruwa: in ya tsaya yana tafasa, da saura, in ya dunƙule yana gudu kamar ƙwai a faranti, ya yi. Ki zuba mai cokali ɗaya ko biyu, mai jure wuta, irin man angurya na Diamaor ko tataccen man gyaɗa. Bota na kanti ba a fara gashi da shi, yana ƙonewa da wuri. Ki sake tsane naman, ki kwantar da shi ta gefen da ba zai fantsamo miki mai ba, sannan ki cire hannunki. Kada ki danna shi, kada ki tsikare shi da cokali mai yatsu, kada ki rufe. Bayan minti biyu da rabi zuwa uku ki ɗaga gefe ki duba. In ya yi ja ya saki kasko da kansa, ki juya. In yana riƙewa, ki ƙara masa rabin minti. Ɗaya gefen ma haka. Fo-file ki tsayar da shi a kan gefen kitsensa na minti ɗaya don ya narke. Daga nan ki ja kaskon zuwa gefen da wuta ba ta da ƙarfi, ki jefa man shanu cokali biyu, soyayye na Fulani ya fi, da tafarnuwa uku da kika fasa da tafin wuƙa ba ki ɓare ba. Ki karkata kaskon, ki riƙa ɗibar man da cokali kina kwarara wa naman na minti ɗaya ko biyu. Masoro a nan nake sa shi, don kada ya ƙone ya yi ɗaci.

Da yake maganar masoro ta zo: wanda suka sa wa maigida ba irin namu ba ne mai ɗan wutsiya da muke sawa a yaji da kunu. Nasu shi ne irin wanda ake nomawa a Penja, can yankin Mungo, wanda ya samu rajistar kare sunan asalinsa a 2013. Akwai fari, akwai baƙi. Ki sayi ƙwayar, ki ɓarza a turmi lokacin da za ki yi amfani da shi, kada ya yi gari. Namu ma yana yi, sai dai ya fi ɗaci, rabin awo za ki sa.

Sai batun nuna, inda nake da ra'ayi. Masu otal suna da matakai: wajen digiri 52 a tsakiyar nama shi ne ja sosai, 57 ja-ja, 63 ruwan hoda, 70 zuwa sama ya nuna sarai. Jan ruwan da ke fita ba jinin yanka ba ne, ruwan tsoka ne haɗe da sinadarin da ke ba ta launi. Jinin da aka ambata a Suratul An'am aya ta 145 shi ne mai kwarara, wanda ya fita wurin yanka. Abin da ya sa ban ba ki shawarar ja sosai ba daban ne: tsutsar ciki. Akwai irin wadda ƙwayoyinta suke zama cikin tsokar shanu kamar 'yan fararen ƙuraje, kuma a inda shanu ke kiwo a sake ana samunta, shi ya sa na ce naman da likita ya duba. Zafin digiri 63 da hutun minti uku bayan saukewa yana kashe ta, haka ma daskarewa a digiri 10 ƙasa da sifili na kwana 10. Saboda haka ki nufi 63: tsakiya ruwan hoda, da ruwa a jikinsa, ba ɗanye ba. Mai juna biyu da ƙananan yara da marar lafiya a ba su wanda ya nuna sarai. In kina da ɗan ma'aunin zafi mai tsinke, ki soka ta gefe zuwa tsakiya, ki sauke a 59 ko 60, domin zafi yana ci gaba da hawa bayan an sauke. In babu, ki haɗa babban yatsanki da na tsakiya, ki taɓa tudun naman da ke gindin babban yatsan, sannan ki haɗa shi da na kusa da ƙarami ki sake taɓawa. Tsakanin waɗannan biyun kike nema. Karon farko kada ki ji kunyar tsaga guda ɗaya ki leƙa. In maigida ya ce shi ba ya son ganin ko alamar ja, kada ki bar nasa a wuta mai ƙarfi, ki ƙarasa shi a gefen sanyi kina kwarara masa man shanu.

Ki sauke a faranti ki bar shi ya huta minti biyar, ba a rufe ruf ba, tururi zai jiƙa ɓawon. A cikin minti biyar ɗin nan ake yin miya, a kaskon da ba a wanke ba. Ki tsiyaye yawancin man, ki zuba albasa ƙarama ɗaya da kika yanka ƙanana, ta yi laushi, ki sa ɓarzajjen masoro cokali ɗaya. A gidajen abinci da yawa giya suke zubawa a wannan gaɓar don ta ɗago abin da ya kama a gindin kasko, don haka ki gaya wa maigida ya riƙa tambaya kafin ya yi odar miyar masoro a waje. Ke romon ƙashi za ki zuba, rabin kofi, wanda kika dafa da abin da kika fere. Ki kankare gindin kaskon da cokalin katako, ki bari romon ya ƙone ya koma rabi, ki zuba kirim ko madarar gwangwani marar sukari cokali huɗu, da ɗan mutad, wato mastad na kwalba, in kina da shi, da ruwan da ya taru ƙarƙashin naman. In ta kama bayan cokali ta yi. Kindirmo ma yana yi, amma sai an sauke kasko, in ba haka ba ya tsinke.

Dankalin turawa kuwa tun kafin nama ake gama rabin aikinsa. Ki yanka, ki wanke, ki tsane, ki soya a mai marar zafi sosai har ya nuna bai canja launi ba, ki kwashe ya huce. Lokacin da nama yake hutawa ki mayar da shi mai mai zafi na minti biyu ko uku, ya yi ja ya yi ƙaras-ƙaras, sannan gishiri. Soyayyar agada ko doya ma ta wadatar, da ɗan latas da tumatir da lemun tsami.

In fo-file ne ko antirkot, ki yanka masa shi a kicin, siri-siri a karkace kina tsinka zare, ki jera, ki zuba miyar a gefe ba a kai ba. Kuma ki ɗauraye farantin da ruwan zafi ki goge kafin ki zuba, musamman da hunturu, domin kitsen shanu yana saurin daskarewa, kafin a kai faranti ɗakin maigida ya fara yin fari a gefe.